Noman Da Ba a Sa Ni Ba

Dugaduganta na fara gani. Ta hau wani dutse a ƙofar gidansu a Dabai, ta yi ɗage tana leƙen 'yan kokawa ta saman kawunan mutane, takalminta na roba ɗaya ya zame ya faɗo ƙasa. Na ɗauka na miƙa mata. Ta karɓa ba ta ko dube ni ba, domin a daidai lokacin aka ka da wani.

Shekarata goma sha tara, na gama sakandare, ina zaman shagon hatsin mahaifina a kasuwar Zuru. Shekarun da wayar hannu ta fara shigowa garin ne. Aikina awo, in ba mai saye kuma sai karatun littattafan soyayya da nake haya a wani teburi kusa da tasha. A cikinsu na koyi cewa duk wanda ya wahala saboda mace, ƙarshe tasa ce.

Duk shekara bayan girbi, idan Dakarkari za su yi bikinsu na Uhola, mahaifina yakan zuba mu a bayan a-kori-kurarsa, ni da Inna da ƙannena mata biyu, da tabarma da kular shinkafa, mu tafi Dabai mu yini. Mai masaukinmu wani tsohon soja ne da ya koma noma, wanda Baba ke sayen dawarsa. Baba Sajan muke ce masa. Shi ɗan coci ne, mu Musulmi, amma kullum yana da buta da ya ajiye domin Baba, kuma yakan kori masu burkutu daga inuwar da ya ba mu. Mai takalmin nan 'yarsa ce ta uku. Na sha ganinta, amma sai ran nan na gan ta.

Bayan bikin takan rako buhunan ubanta shagonmu ranar kasuwa. Hausarta tana da ɗan tsalle irin na mutanen dutse.

"Ɗan Alhaji, yau wa ya mutu a littafin?"

"Ba wanda ya mutu. Suma ya yi."

"Yunwa ce. A ba shi kunu."

Iyakar hirarmu ke nan, amma ni da dare ban rasa abin da zan gina a kanta ba.

Na san a al'adarsu ba a samun mata da baki. Saurayi noma yake yi wa uban yarinya shekara bakwai, abin da suke kira golmo. Da na yi tunani sai na ga babu littafin da ya kai wannan daɗi. Na yanke shawara zan fara, kuma a ɓoye, domin Baba Sajan ya zo gona ya tarar an yi aiki ya rasa wanda ya yi, har ranar da gaskiya za ta bayyana ya rungume ni.

Da damina ta zauna na ari fartanya, na ce wa Inna zan riƙa motsa jiki da keke bayan asuba. Na san gonar, don mun taɓa zuwa ɗaukar dawa. Daga gefen dawar akwai wani fili da ciyawa ta rufe, siririya, kore shar, babu ko kunya ɗaya. Na ce a raina tsufa ya hana shi kaiwa nan. Safiya biyu ina sharar filin nan. Hannuwana suka yi bororo, suka fashe, na ɗaure su da tsumma ina jin kaina wani.

A safiya ta uku na ɗago na ga Baba Sajan tsaye da sandarsa. Ya daɗe yana kallon ƙasar da na tsiraita. Sannan ya ce, "Yaro, acca ce."

Na san acca a kwanon awo. Ban taɓa ganinta a tsaye ba.

Bai yi faɗa ba. Ya zaunar da ni a gindin wata ɗorawa, ya kwance tsumman ya duba hannuna, ya tambaye ni wa ya aiko ni. Da na yi masa bayani, sai ya gaya mini a hankali cewa ba a satar golmo. Iyaye ne ke zuwa su roƙa, kuma saurayi ba ya zuwa shi kaɗai, da sa'o'insa yake zuwa, yau gonar surukin wannan, gobe ta wancan, gari duka yana gani. Ya nuna mini dawar da sandarsa, kunya-kunya a miƙe har bakin rafi, ya ce wanda ya yi wannan aikin yana shekararsa ta bakwai ke nan, kuma saboda ita yake yi.

"Ita ta sani?" na ce.

"Ita ke kai masu ruwa."

Ya ce ba zai gaya wa Alhaji ba, kuma bai gaya masa ba. Ita dai ta ji, domin ranar kasuwa ta gaba ta kalli hannuna ta ce, "Sannu da aiki, manomi," ta juya tana danne dariya.

Duk da haka ban fid da rai ba. A littattafaina yarinya takan yi shiru har ranar ƙarshe, sannan ta fasa. Na zauna jiran bikin.

Ranar muka tafi kamar kullum. Inna ta sayo turmin atamfa, don ta ji 'yar Sajan za ta shiga ɗaki, ta ba ni na riƙe a cinyata a bayan mota. Bayan azahar samarin da suka kammala golmo suka fito a jere ana yi masu kiɗa. Ƙanwata ce ta nuna mini angon. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, haƙorinsa ɗaya a karye. A littafi ba za a ba shi ko suna ba.

'Yar Sajan ta zo inuwarmu ta durƙusa ta gaida Inna da Baba. Baba ya ce, "Allah shi ba da zaman lafiya, ɗiyata." Inna ta ce in miƙa mata kayan. Na miƙa. A wannan karon ta dube ni sosai, ta ce ta gode, ta ce in zo in ci naman biki, an yi mana yanka irin namu. Ta tashi ta tafi wajen angon.

Na zauna ina jiran abin da ke zuwa. Na san jerinsa: duhu a ido, tari da jini, a kwashe mutum zuwa asibiti, likita ya ce zuciya ce. Ba abin da ya zo. Ganguna na ta tashi, ina jinsu kamar daga wani gari. Na sha rake. Na riƙe wa ƙaramar ƙanwata ɗankwalinta ta shiga rawa, Inna ta kira ta ta dawo. Na zuba wa Baba ruwa ya yi alwala. Na ci naman, kuma na ji gishirinsa ya yi daidai. A hanyar gida taya ta sace, na sauka na riƙe wa Baba sifana, ya ce yau na yi hankali.

Na ci gaba da hayar littattafai har kusan shekara, ina karantawa kamar mai tsince tsakuwa a wake. Daga baya na daina zuwa teburin, ba don na yi fushi ba.

Mijin ya shiga soja bayan shekara biyu, kamar yawancin sa'o'insa, suka koma bariki a kudu. Da aka tura shi aiki wata ƙasa sai ta dawo Dabai da 'ya'ya uku, ta sayi babur, ta koyi hawa. Da ya dawo ma ba ta koma bariki ba. Ita ke tattara dawar unguwarsu ta kawo Zuru, buhu biyu a ɗaure a bayanta. Wani ɗan layinmu take sayar wa, ya fi mu farashi. In ta wuce ƙofar shagon takan danna hon sau ɗaya, ni kuma in ɗaga hannu.