Fuskar da Na Goge

Kwana goma sha ɗaya na yi a tsare saboda hoton da na riga na goge.

Ban yi karatu ba. Raguna nake sayarwa. Da na sayi babbar waya, rubutun sunaye bai amfane ni ba, don haka duk wanda na karɓi lambarsa sai in sa a ɗauki fuskarsa a haɗa da lambar. In waya ta yi ƙara, fuska nake dubawa. Har ƙanena yana ciki, da rawaninsa. Daga baya ya bi yaran can masu bindiga zuwa daji. Duk unguwarmu Ajilari an sani.

A shekarun nan, in ka zo shingen bincike, riga za ka ɗaga, ka miƙa waya. Na tafi Kasuwar Kwastam wurin mai gyara don ya wanke ta tas.

Na tarar ana musu a rumfarsa. Wani dattijo, dillalin shanu, yana kan benci da 'yar ƙaramar wayarsa ɗaure da roba.

"Baba, jefar da wannan," in ji mai gyara. "Manyan kamfanonin waje ba sa ɓatar da komai. Ko wayarka ta faɗa rijiya, lambobinka suna can a ajiye."

"Can ina?"

"Cikin injinansu."

"Ɗana, makiyayin da ban san fuskarsa ba, ba na ba shi saniya. Lokacin da aka ɗauke sabis wata da watanni, ina kamfaninka ya shiga?"

"Ai ba su suka ɗauke ba. Kaya na nan, hanya ce aka rufe."

"Kayan da ba ka da hanyar zuwa wurinsu, na wani ne."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Na ce wa mai gyara, "Goge komai." Ya goge, ya nuna mini, ba ko fuska ɗaya. Sai ya ce, "Yaya, bari in mayar maka da akawun ɗinka, kada ka rasa masu sayen raguna." Shi ya buɗe mini shi ranar da na sayi wayar. Ban san me yake nufi ba, na ce to. Ban gaya masa dalilin gogewar ba. Wa ake gaya wa irin wannan?

Sabis ba ƙarfi ranar. Na duba waya sau uku a hanya, wayam.

Washegari da hantsi na zo shingen bakin unguwa. Na ɗaga riga, na miƙa waya hankali kwance. Wanda ya karɓa saurayi ne ɗan sa-kai, ɗan layinmu, da sanda a hammata. Ya yi ta ja da yatsa. Sai ya tsaya.

"Wannan wane ne?"

Na leƙa. Ƙanena ne, da rawaninsa, yana murmushi. Duk fuskokin sun dawo.

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Wallahi na goge shi."

"Ka goge? Ashe ka san abin ɓoyewa ne."

Ba zan faɗi abin da na gani a kwanakin nan ba. Mai unguwa ne ya yi ta zarya yana rantsuwa a kaina har aka sake ni. Wayar ba ta dawo ba.

Da na iya takawa, na koma rumfar. Mai gyara ya kasa haɗa ido da ni. Na ce, "Kai ka ci musu. Ba sa ɓatar da komai." Na tambaye shi ko hoton ya tafi tare da wayar. Ya ce a'a, yana can. Na ce ya shiga ya cire. Ya ce kalmar sirrin tana cikin wani littafinsa, kuma ya ƙone littafin makon da aka kama ni, don tsoro.

Yanzu ina Shehuri, a ɗakin haya. Wayata ƙarama ce, ba ta ɗaukar hoto. Lambobi bakwai na haddace, sun ishe ni. Fuskar ƙanena tana can cikin injin da ban taɓa gani ba, haɗe da lambata.