Mai Zanen Kati a Tashar Daura

A tashar Daura, inda motocin Zango ke lodi, wani dattijo na zaune a kan benci, hannun rigarsa duk ɗigon fenti. A cinyarsa akwai gwangwanin alewa, cikinsa ƙananan katuna da ya zana da hannu, kowanne bai kai tafin hannu ba.

Ya ɗora ɗaya a gwiwa, yana saita waya zai ɗauki hoto, amma hannunsa rawa yake yi. Ya ɗauka, ya duba, ya goge. Sau huɗu ke nan.

"Ɗana, don Allah ɗaukar mini," in ji shi, yana miƙo mini wayar, ina zaune kusa da shi. "A waya nake sayar da su. Wata mata a Kano ke son gani kafin ta saya."

Zanen wata mace ce ɗauke da tulu, layukan sirara kamar gashi, babu inda suka karkace. Ina jin a zanen motoci ya yi ƙuruciyarsa.

"Baba, yaushe ka yi wannan?"

"Bara." Ya daɗe yana kallon yatsunsa. "Bana na gwada, layin ya ƙi miƙewa. In waɗannan suka ƙare, shi ke nan."