Ranar da tsirkiya ta daina yi mini zafi

Salamu alaikum 'yan uwa. Na san na ɓace muku. Masu tambaya ina Mushe mai gitar ya shiga, masu cewa ko an yi mini canjin lakwal ne, wato makarantar da nake koyarwa, ina nan Bande ban je ko'ina ba. Ciwo na yi, irin wanda mutum ke jin nauyin faɗin sunansa. Yau zan faɗa, don na gaji da ɓoyo.

Kun tuna ina sa muku 'yan bidiyo ina koyon waƙoƙin jaz, masu sanyin nan da ake ja a hankali, mutum yana kaɗawa yana rerawa. Wanda ke koya mini shi ne Baba Isufu na Magarya, tsohon makaɗin orkes, ƙungiyar masu kiɗan zamani. Kowace Asabar nake hawa moto, babur ɗina, in je wurinsa.

Kiɗan nan yatsu huɗu yake ci a hannun hagu, har ɗan ƙaramin sai ya yi aiki. Da na fara, tsirkiya yanka ni take kamar reza. In na yi ƙorafi sai tsohon ya yi dariya ya ce, "Yi haƙuri ɗana, ranar da zafin ya tafi, ka fara zama makaɗi." Kuma ya hana ni kallon hannuna in ina waƙa. Wai yatsa shi ne idon mai rerawa.

To, zafin ya tafi.

Wallahi murna na yi. Na ce kanta ta fito, na iso. Har goro na kai wa Baba Isufu.

Sai dai kiɗan ya fara lalacewa. In na ɗaga kai na buɗe baki, ɗan ƙaramin yatsa da na kusa da shi sai su sauka inda ba a aike su ba. In na dube su, waƙar ta kuɓuce. Na zargi kaina da daƙiƙanci, na ƙara awannin koyo, a banza.

Matata Rabi ce ta gano. Ina dafa shayi, ta ce, "Baban Nana, hannunka!" Ashe gefen hannuna yana jingine da butar, har ya tashi bororo, ni ban ji komai ba. Nan ta ce mini ai ta daɗe tana ganin wani tabo fari-fari a bayana, ta ɗauka makero ne.

Majo, babban ma'aikacin jinya na asibitinmu, ya sa na rufe ido, ya riƙa shafa auduga a kan tabon yana cewa, "Ka ji?" Ban ji ba. Ya taɓa jijiyar gwiwar hannuna, ya rubuta mini takardar zuwa Damagaram.

A can aka ɗan tsaga fatar kunnena aka yi analiz, wato gwaji. Likitar, wata mace mai magana a hankali, ta ce, "Mushe, kuturta ce. Tana warkewa. Ka zo da sauran lokaci, amma ba zan yi maka alkawarin yatsun nan ba."

Innalillahi. Ban san yadda na iso tasha ba.

Maganin kyauta ne, kuɗin mota da na jinya ne suka cinye buhunan geron da muka ajiye. Kowane wata in je in haɗiye ƙwayoyin ranar farko a gaban majo, in ɗauko sauran. Fitsari ya koma ja. Fatata ta yi duhu ta bushe, har yaran aji suna raɗa. Akwai makonnin da jijiyar ta kumbura, hannun yana zugi har kafaɗa, amma yatsun biyu suna nan kamar na aro. Kowace safiya in jiƙa hannun, in shafa mai, in miƙe yatsun ɗaya ɗaya. Na gaji, jama'a. Na gaji da ƙwaya, na gaji da hanya, na gaji da ƙaryar cewa zazzaɓi ne.

Na ware kwanona da kaina. Rabi ta mayar da shi cikin sauran ta ce, "Likita ta ce tunda ka fara magani ba ka ba kowa cutar. Kada ka mai da ni baƙuwa a gidana."

Gitar kuwa na cusa ta bayan sif, ko ganinta ba na so. Baba Isufu ya ji shiru, ya biyo motar kasuwa ya zo. Na gaya masa gaskiya, ina jiran ya ja da baya. Sai ya kama hannun nawa yana juyawa, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Ni na ce maka zafi in ya tafi alheri ne. Ka yafe mini." Ya ɗauki gitar ya ce shi zai kaɗa, ni in rera, kada murya ita ma ta mutu. Haka muka yi ta yi har magani ya ƙare.

An sallame ni. Ɗan ƙaramin yatsa bai dawo ba, ya ɗan lanƙwashe, kuma an ce haka zai zauna. Tsohon ya sake mini kamun da yatsu uku za su iya.

Na gode wa Allah, na gode wa Rabi, da majo, da likitar da ba ta ɓoye mini komai ba.

Don Allah, in ka ga tabo a jikinka da ba ya ƙaiƙayi, ba ya jin taɓi, ko yatsa ya mutu maka, kada ka jira, kada ka tsaya jiƙe-jiƙe. Je asibiti. Kuma in naka ne ya kamu, ci abinci da shi.

Jiya na ɗauki gitar, na ɗaga kai, na rera waƙa guda har ƙarshe ban dubi hannuna ba. Da na gama, yatsan da ke kusa da ƙaramin yana yi mini raɗaɗi, tsirkiya ta yanke shi.

Na kira Rabi na ce ta zo ta gani, zafi yake yi mini. Ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka.