Ranar da Aka Hana Ƙanwata Ɗaukar Jinjiri

Akwai maganar da mutum zai saki cikin ƙiftawar ido, ya yi ta dakon nauyinta har furfura. Tawa a wani gidan suna na sake ta a Bukkuyum, kuma ko na so in manta da ranar, ba za ta mantu ba.

Mu biyu ne mata a ɗakin Inna, ni ce babba. A Anka muka tashi. Na yi makarantar koyon aikin lafiya, na dawo gida na kama aiki a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti. Lokacin da gubar dalma ta auka wa ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya, ina cikin waɗanda suka riƙa ɗibar jinin yaran Abare da Yargalma. Daga nan mutanen gari suka laƙaba mini Likita. Na san ni ba likita ba ce, amma ban taɓa gyara wa kowa ba, don sunan yana yi mini daɗi. Na so in ƙaro karatu, sai ga rasuwar mahaifinmu, sai aure, sai haihuwa. Kullum ina cewa sai baɗi, har baɗin ta zama bara.

Ƙanwata kuwa hanya ta buɗe mata. Ta gama jami'a, ta samu gurbin karatu a ƙasar waje, ta shiga bincike. Wata Juma'a aka yi hira da ita a rediyo, Inna ta ƙure murya har maƙwabta suka shigo sauraro. Washegari a wurin aiki wata mata da na shekara ina ɗibar jinin 'ya'yanta ta dube ni ta ce, "Ashe ke ce yayar likitar nan?" Na yi murmushi na ce ni ce. Amma allurar da na soka wa ɗanta ranar sai da na sake ta sau biyu.

A lokacin kaka ƙanwata ta zo hutu. Goggonmu ta taso daga Gummi don ta gan ta, tare da ɗanta, wanda tela ne, magidanci mai 'ya'ya biyu. Bayan la'asar muna zaune a tsakar gida ana ɓarar gyaɗa, sai Inna ta ce, "Wai ke mi kike yi can, tunda ba allura kike yi ma mutane ba?"

Ƙanwata ta gyara zama ta ce, "Inna, a cikin jinin kowa akwai wasu masu gadi da ido ba ya gani. Masana suna ce musu kompilimen. In cuta ta shigo, na farko ya tashi na biyu, na biyu ya tashi na uku, har su taru su huda ta. To wani lokaci sai su rikice su far wa mai gida. Su ci ƙoda, ko su fasa jini, ko kuwa in an yi wa mutum dashen ƙoda su ƙi ta. Su kuma wasu ƙwayoyin cuta, irin dangin agana, suna da wayo. Akwai wani sinadari da suke fitarwa wanda ke kwantar da masu gadin tun kafin su tashi juna. Shi muke so mu ara, mu gyara shi, ko zai zama magani ga wanda masu gadinsa suka juya masa."

Inna ta ce, "Wato ɓarawo za ku tambaya yadda yake rufe bakin kare." Kowa ya yi dariya, ban da ni.

Na fi duk wanda ke wurin fahimtar bayaninta, kuma hakan ne ya fi ƙona mini rai. Na nemi in kayar da ita a gaban mutane, na ce, "To in kun kwantar da masu gadi, wa zai tare sauran cututtuka? Kuma jiki ba zai gane baƙon abu ne ya yaƙe shi ba?" Maimakon ta daburce sai fuskarta ta washe. Ta ce waɗannan tambayoyi biyu su ne suka tsaya musu a wuya, shi ya sa har yanzu abin bai wuce gwaji a kwalba da jikin ɓeraye ba. Ta ƙara da cewa su ko ƙwayar cutar ba sa taɓawa, yisti irin na burodi suke sa wa ya sarrafa musu sinadarin shi kaɗai. Sannan ta juya ga Goggo ta ce, "Kin ji Yaya ko? Da ita ta samu damar da na samu, da ta fi ni." Da zuciya ɗaya ta faɗa. Ni kuwa na ji kamar ta tona rami ta nuna wa kowa inda na tsaya.

A zaman nan ne ta lura da ƙafafun ɗan Goggo sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Ta tambaye shi, ya ce fitsarinsa ma ya koma launin shayi. Kowa ya ɗauka dalma ce, don ya taɓa yin aikin niƙan dutse yana saurayi. Ni da kaina na gwada jininsa watannin baya, na ga dalmar ba ta kai ta yi wannan ɓarna ba, na ba shi takardarsa na bar maganar. Ita ta karɓi takardun ta duba, ta ce tana zargin irin ciwon ƙodar da ta gama bayani ne, amma ita ba likitar ƙoda ba ce, sai an bincika. Nan take ta kira wani likita da suka yi karatu tare, wanda ke aiki a wani babban asibiti a Sakkwato. Ya ba su rana, mako mai zuwa, ta ce za ta raka su da kanta. Goggo ta riƙe hannunta tana ta sa mata albarka. Abin da ya shige mini duhu wata da watanni, ita ta gano shi kafin a gama ɓarar kwano ɗaya.

Kwana biyu bayan haka muka tafi Bukkuyum sunan wata 'yar uwarmu. Gida ya cika da mata, ana ta rabon fura da waina, kuma duk inda na juya zancen ƙanwata ake yi. Ta fita gaida tsofaffin gidan, ni ina ɗakin mai jego. Kakar jinjirin, wato uwar mijin, ta matso kusa da ni ta ce, "Ke da kin san aikin, gaya muna gaskiya, wane irin magani ne ɗiyar nan tag gano?"

Ina iya cewa ba ta gano ba tukuna, suna kan nema. Wannan ita ce gaskiya, kuma ta isa. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Magani ina? Cutar agana take wasa da ita safe da yamma. Ni dai da ni ce mai jego, da ban ba ta jinjirina ba." Na haɗa da 'yar dariya, don in an tuhume ni in ce wasa nake yi. Ba wanda ya yi dariya. Tsohuwar tana da zanen agana a kumatunta tun ƙuruciya, ta san abin da sunan nan yake nufi. Kuma ba kowa ya faɗa mata ba, Likita ce ta faɗa.

Ba a jima ba ƙanwata ta shigo da fara'arta, ta durƙusa ta miƙa hannu biyu ta ce, "Ku ba ni ɗana in gani." Tsohuwar ta riga ta, ta sure yaron ta rungume a ƙirji, ta ce, "Barci shikai." Idon yaron biyu, kowa yana gani. Hannuwan ƙanwata suka tsaya a sama ɗan lokaci kafin ta mayar da su kan cinyarta. Da aka kawo abinci, kwanonta daban aka zuba mata. Matan da ke tabarmar da ta zauna suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya, wannan za ta duba wuta, waccan za ta yi alwala. Ba zan ɓoye ba, a lokacin wani sanyi na ji a zuciyata. Yau da na tuna wannan sanyin, shi ya fi ba ni kunya fiye da maganar kanta.

Na ɗauka abin zai tsaya a Bukkuyum. Kafin kwana uku ya isa Gummi, kuma ya yi ƙiba a hanya. Can cewa aka yi ƙanwata ta zo da cuta a kwalba, Turawa sun aiko ta neman wanda za a gwada a jikinsa, shi ya sa ta matsa sai an kai ɗan Goggo Sakkwato. Ranar tafiya ta shirya tun da safe, ta kira Goggo a waya, Goggo ta ce sun fasa, za su gwada na gargajiya. Ta roƙa, ta yi bayani, Goggo ta kashe waya. Hutunta ya ƙare ta koma, idonta jawur. Ni na raka ta tasha, na riƙe mata jaka, ban faɗa mata daga bakina maganar ta fito ba.

Sai da aka yi kusan wata biyu aka kawo mini jinin ɗan Goggo in sake gwadawa, don kumburin ya hau har fuska, ya daina zuwa shago. Da sakamakon ya fito na zauna ina kallon takardar. Ba sai an fassara mini ba, ƙodar tana gab da tsayawa. Na cire rigar aiki na shiga motar Gummi.

Na tarar da Goggo tana dama masa kunu. Shi yana kwance a kan tabarma, matarsa na yi masa fifita. Na durƙusa na ce, "Goggo, maganar da kuka ji a kan ƙanwata, daga bakina ta fito, kuma ƙarya ce. Ba ta taɓa wata cuta, ba ta zo da komai ba. Na san haka tun ranar da na faɗa."

Ta ajiye ludayin. Ta dube ni ta ce, "To mi tay yi maki?"

Na ce, "Ba ta yi mini komai ba. Baƙin ciki nake yi da ita."

Goggo ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Ni na yarda da ke, don ke muka sani." Ɗanta ya ɗago kai da ƙyar ya ce a bar tone-tone, a kira ƙanwata in har za ta ɗauka.

Ni na kira. Na faɗa mata komai ina kuka, tun daga ɗakin mai jego. Da na gama ta ce, "Yaya, tun a mota muna dawowa na sani. Ke kaɗai ce kika ji na ambaci agana kuma kika je sunan, ban da Inna. Wannan maganar za mu yi ta daga baya. Yanzu karanto mini sakamakon." Na karanta mata. Kafin azahar ta sake samun likitan, washegari da safe muka kama hanyar Sakkwato, ni a gaba riƙe da takardu.

Bincike ya nuna zarginta gaskiya ne, masu gadin jininsa ne suka cinye ƙodar. Aka fara yi masa wankin ƙoda. Na keɓe da likitan na tambaye shi ko da an zo wata biyu baya da an tsira da ita. Ya ce wataƙila, wataƙila kuma a'a, irin wannan ciwon ba ya da tabbas. Na so ya ce a'a kai tsaye, bai ce ba. Ɗan Goggo ya rayu shekara biyu da 'yan watanni yana zirga-zirgar wanki, ya ga yayen ƙaramar 'yarsa, sannan Allah ya karɓi abinsa.

Ƙanwata ta yafe mini, amma ba a rana ɗaya ba. Ta yi kusan shekara in ta kira gida Inna kawai take nema. Har yanzu tana can tana binciken, sinadarin bai zama maganin da za a ba mutum ba tukuna, ta ce ƙila sai wasu sun ɗora daga inda za su tsaya. Na koma Bukkuyum na gyara maganata a gaban tsohuwar da matan gidan. Wasu sun yarda, wasu har gobe in an ambaci ƙanwata sai sun taɓe baki.

Abin da wannan lamari ya koya mini shi ne, hassada ba ta tsayawa kan wanda aka nufa da ita. Na yi jifa ne don in rage wa ƙanwata tsawo, dutsen ya wuce ta ya sami marar lafiya da bai san hawa ba bai san sauka ba. Kuma duk wanda mutane suka yarda da bakinsa, to ba shi da wasa a kan abin da ya shafi rai. Shi ya sa yau in na ji zuciyata ta fara zafi don an yabi wani, sai in kama bakina tukuna, in tashi daga wurin, in je in yi wa mutumin addu'a ko da ba na so, har zafin ya sauka.