Haƙoran Bayan Ɗakin Girkin Gwaggo Salbiah

Gwaggona Salbiah, ƙanwar babana, a bakin tekun Tutong ta tashi, nan kuma ta yi aure. Mijinta Damit masunci ne, ita kuma tana ƙyafe kifi ta kai kasuwa. Wata rana yana jan taru a ruwa iya gwiwa ya taka pari, kifin nan mai faɗi kamar faifai, ya kafta masa ƙayar wutsiyarsa a cinya. Kafin a kai shi asibiti jini ya ƙare masa.

Tana fita takaba ta kwashe kayanta ta koma kan tudu, inda ko ƙarar teku ba a ji. Ta shuka ayaba da rogo. Kifi kuwa ta daina ci.

In ruwan sama ya zaizaye laka, takan tsinci wasu baƙaƙen tsakuwoyi, samansu sumul, ƙasansu tsaga-tsaga kamar mataji. Ta cika kwalba da su ta ajiye a taga don ado.

Na zo hutu daga jami'a, inda nake karatun duwatsu. Muna cin ambuyat, wani irin tuwo mai danƙo, idona ya kai kan kwalbar. Na zazzage ta a tabarma.

"Gwaggo, ina kika samo waɗannan?"

"Bayan ɗakin girki. Ke dai ci abincinki, uwar tone-tone."

"Haƙora ne fa."

"Na wa? A'uzubillahi! Kan maƙabarta na yi gini?"

"Na kifi ne, da su yake murƙushe katantanwa. Can da, tudun nan ƙasan teku ne, ruwa marar zurfi."

"Wane kifi?"

Na hau tattara haƙoran. Ta sake tambaya, ta tsare ni da ido.

"Pari."

Lomar da ta ɗauko ta faɗi a cinyarta. Ta ja da baya har ta jingina da bango.

"Shekara da shekaru da bakin zanena nake goge su," in ji ta.

Na kai wa malamata haƙoran, ta gwada saiwarsu da ta waɗanda aka sani. Ta ce wannan irin ya ƙare tun kafin a yi mutum a duniya. Da na gaya wa Gwaggo sai ta riƙe baki.

"Dukkansu? Ko ɗaya babu saura?"

"Babu, Gwaggo."

Daminar nan ba ta taka bayan ɗakin girki ba, har rogonta ya ruɓe a ƙasa. Amma ba ta tashi daga gidan ba. Yanzu ɗalibai kan zo da rariya su tankaɗe lakar. Takan dafa musu shayi, ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce su wanke hannu kafin su taɓa mata kofi.