Yaya Sabi'u da Masu Cewa Ba Ruwansu

Shekara goma sha shida ke nan da rasuwar yayana Sabi'u, amma har yau in abokan aiki suka ɗauko labaran duniya sai in ji kamar zai yi gyaran murya ya karɓe zancen. Shi ya riga ni zuwa Doha, yana tuƙa bas ɗin ma'aikata a wani kamfanin gine-gine, kuma shi ya yi mini hanya na zo aikin gadi a shekarar da ake luguden wuta a Iraki.

Ran Juma'a bayan la'asar mukan haɗu a Kornish, bakin teku, kusa da inda ake ɗaure jiragen katako. Mu 'yan Najeriya ne da 'yan Zangon Ghana, ga filas ɗin shayi, ga rediyon Yaya mai eriya ɗaure da waya. Nan yake buɗe mana makaranta ba tare da kowa ya yi rajista ba. Karatunsa ɗaya ne: yaƙi kasuwa ce, kuma kowace kasuwa da ma'ajinta. Yakan tambaye mu me ya sa a yaƙin duniya aka ƙone Turai ƙurmus amma ba a jefa wa Siwizalan ko tsakuwa ba. Kafin ka buɗe baki ya amsa wa kansa, wai ɓarawo ba ya cinna wuta a rumbun da ya ɓoye hatsinsa. Daga nan sai ya wuce tsibiran da attajirai ke kai dukiyarsu don gudun haraji, ya ƙare a kan wasu tsofaffi 'yan kaɗan da ya rantse suna zama a wani ɗaki ƙarƙashin dutse suna tsara wa duniya wanda zai yaƙi wani.

Ni ban taɓa yarda da tsofaffin nan ba, kuma ban ɓoye masa ba. Nakan ce, Yaya, mutanen da suka iya juya duniya ta yaya asirinsu ya faɗo hannun direban bas ɗan Funtuwa? Sai ya yi dariya ya ce ruwa ba ya tsami banza. Har gobe ina kan bakana. Duniya ta fi ƙarfin ɗaki ɗaya, kuma yawancin ɓarnar da na gani da idona wauta da haɗama ne suka haife ta, ba shiri ba.

Sai dai da yana raye da na sha gori. Tun bayan tafiyarsa an sha bankaɗo takardun manyan mutane, har da na gida, da suka jibge dukiya a tsibiran da yake faɗa. Garin nan da ya bari da 'yan benaye yanzu masu yaƙi da juna ke sauka a otal-otal ɗinsa don sulhu, ni kuma ina ganin wucewarsu a sabon filin jirgi inda nake aiki. Na san abin da zai ce, kuma na san da wayar zamani a hannunsa babu wanda zai huta. Wani abin ya canka, wani ya zuƙa, kamar kowane mai sharhi.

Abin da ya sa nake tuna shi ba sharhin ba ne. Yaya ya tsani kalmar "ba ruwana" tsana ta gaske, kuma wata rana aka gwada shi a kanta. Ɗan'uwan wani foman, wato shugaban ma'aikata a kamfaninsu, ya ɗauki bas ba izini ya maka ta a katanga. Aka nemi wanda za a ɗora wa, aka samu Mumuni, wani direba ɗan Kumasi mai sanyin hali, wanda bai fi 'yan watanni da zuwa ba. In laifin ya tabbata a kansa, kulle ne sannan a tasa ƙeyarsa gida da mugun suna. Yaya yana cikin harabar lokacin da abin ya faru, ya ga komai. Wasu ma sun gani.

'Yan ɗakinsu suka zaunar da shi. Suka tuna masa cewa kwantiraginsa ya kusa ƙarewa, kuma sabuntawa tana hannun kafil, wato ubangidan da ya ɗauko shi. Suka ce yaron nan ba ɗan ƙasarmu ba ne, iya ruwa fidda kai. Ba wanda ya ce ya yi ƙarya, shiru kawai aka roƙe shi. An ba ni labari ya saurare su har suka gama, sannan ya ce:

"Shekara nawa ina zagin ƙasar da ta naɗe hannu ta ci riba? Yau kuma ni in zama ita don biza?"

Washegari ya je ofis ya faɗi abin da ya gani. Aka wanke Mumuni. Da lokacin sabuntawa ya zo aka ce wa Yaya khalas, ba buƙatarsa. Ya koma gida yana jigila tsakanin Funtuwa da Zariya a motar wani, har ciwon da ya ɗauke shi ya zo. Ban taɓa jin ya yi da-na-sani ba, amma ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba, gidan ya ji jiki. Matarsa, Anti Hajara, ta daɗe ba ta son jin sunan Mumuni, tana cewa saboda baƙon da ba ta taɓa gani ba 'ya'yanta suka bar makarantar kuɗi. Ban ga laifinta ba.

To me ya rage na Yaya? Bai bar gida mai bene ba, kuma tsofaffinsa na ƙarƙashin dutse sun bi shi kabari. Abin da ya rage na gan shi ne a zaman makokinsa. Mumuni yana hutu a Kumasi labari ya same shi, ya biyo mota ya ratso ƙasashe har ƙofar gidanmu, ya iso fuska duk ta faɗa. Dattawa suka amsa gaisuwarsa, suka ji Hausarsa ba irin tamu ba, ɗaya ya tambaye shi mene ne haɗinsa da mamacin. Sai hawaye kawai yake yi. Sai muka ji muryar Anti Hajara daga bayan labulen zaure.

"Ƙaninsa ne. Ku matsa masa ya zauna cikin masu karɓar gaisuwa."

Allah ya jiƙan Yaya Sabi'u, ya kai haske makwancinsa.