Ɗakin Inna a Kan Laka

Ɗakin Inna a bakin fadama yake, can gefen Tafashiya, kuma ƙasar wurin baƙar laka ce marar mutunci. Da rani ta bushe ta tsuke, ta dare har ƙafar akuya ta faɗa. Da damina ta sha ruwa ta kumbura. A kanta marigayi Baba ya ɗora ɗakin bulo, don a ce ya yi wa matarsa ginin zamani. Ginin ƙasa na maƙwabta yakan ɗan bi motsinta, bulo kuwa bai san lanƙwasa ba.

Ya tsage daga taga har ƙasa. Kowace bazara tsagar ta buɗe har ina hango gadon Inna daga waje, ruwa na sauka ta koma ta haɗe. Yayana, sarkin gyara, ya bari sai da ta buɗe sosai ya ɗura mata siminti. Damina ta zo, laka ta kumbura, bango ya nemi komawa mazauninsa bai samu hanya ba. Sai ya turo ciki ta kan gado, ƙofa ta daina rufuwa.

Na taho daga Kankia hankalina a tashe. Na roƙi Inna ta bar ɗakin, na yi kuka, na haɗa ta da Allah.

Ta ce, "Auta, cikin ɗakin ga ubanku ya cika, ni ma nan za a ɗauke ni. Tahi ki ba ni wuri."

Liman ya yi magana, ƙanwarta ta zo daga Kusada ta yi, Inna kamar ana zuga ta. Ni kuwa tsoro ya hana ni cin tuwo.

Ranar da na ga ɓarɓashin siminti a kan matashin Inna na daina roƙo. Ta idar da la'asar tana zaune, ni da Yaya muka kama ta muka ɗaga. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ba ta yi ihu ba, ƙyauren kawai ta riƙe, ni na ɓamɓare yatsunta.

Yanzu tana gidana a Kankia. Tana cin abinci, tana amsa gaisuwar kowa. Ni in na ce ina kwana, sai ta juya fuskarta bango.